Buhun agaji da rumbun gida: tarihin taimakon abinci na Amurka a ƙasar Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

A ranar 1 ga watan Yuli na shekarar 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta taimakon ƙasashen waje, wadda muka sani da sunan USAID, bayan ta shafe shekara 63 tana aiki. A birnin Washinton wannan lamari ne na kasafin kuɗi da siyasar cikin gida. A nan kuwa, cikin gundumomin Tasawa da Mayahi, inda buhunan dawa da gwangwanayen mai masu hoton hannaye biyu suna musafaha suka ratsa rayuwar kakanni da iyaye da ƴaƴa, wani babi ne na tarihinmu ya ƙare. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su zauna su karanta wannan babi tun waɗanda suka ga farkonsa suna da rai.

Abin da wannan maƙala take son nunawa guda ɗaya ne. Buhun agaji ya ceci rayuka masu yawa, wannan ba abin musu ba ne. Amma zuwansa da ɗaukewarsa sun bi lissafin ƙasar da ta aiko shi, kuma cikin dukan abin da aka kawo, wanda ya zauna da gindinsa shi ne wanda ya tarar da wata al'ada tamu ya jingina a kanta.

Kafin zuwan buhu

Yunwa tsohuwar baƙuwa ce a ƙasar Hausa, shi ya sa kowace babbar yunwa take da suna kamar mutum. Ta 1913 zuwa 1914, wadda ta haɗa ƙasar Faransi da ta Ingilishi ta yi wa kowa ɓarna, ita ce Kakalaba. Manomin ƙasar Tasawa ya san cewa cikin shekara goma da wuya damina ta yi kyau sau goma, don haka ya tsara zamansa a kan tsimi. Hatsin gandu yana shiga babban rumbu a dami, maigida ya liƙe shi bayan kaka, ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka an shiga noma. Tsakanin nan mata suna ci da gida daga hatsin gamana da sana'ar hannu, samari kuma su tafi ci-rani don a rage bakin ci. Wanda Allah ya yi wa buɗi har ya noma dami dubu yakan yi bikin dubu, ya rabar da hatsi ga jama'a, ya karɓi sunan sarkin noma. Ga zakka, ga gayya, ga aron iri tsakanin dangi. In abu ya yi tsanani sai a koma daji: anza da jiga da tafasa da yaɗiya, a sheƙe ƙarangiya, a haƙa gidan tururuwa.

Mulkin mallaka ya taɓa wannan tsari ta fuska biyu. Haraji na kuɗi ya tilasta wa manomi sayar da hatsi da kaka lokacin da yake arha, gyaɗa kuma ta ci filin da ake barin saura. Bayan yunwar 1931, wadda ta fi tsanani a yammacin ƙasa, Turawa suka tsananta dokar rumbunan ajiya na dole, inda kowane gida yake zuba kaso. Manufar ba ta da laifi, sai dai ikon buɗe rumbun yana hannun kumandan, saboda haka talakawa suka ɗauke shi wani harajin. Tun daga nan aka fara raba manomi da mabuɗin abincinsa.

Inda buhun ya fito

Don a fahimci buhun agaji sai an leƙa gonar da ya fito. Bayan yaƙin duniya na biyu, manoman Amurka, da injuna da takin zamani da tallafin gwamnati, suna noma alkama da masara da dawa fiye da abin da kasuwa take iya sha. Gwamnati tana saye tana tarawa, kuɗin ajiya yana cinye ta. A ranar 10 ga Yuli 1954 shugaba Aizinhawa ya sa hannu kan doka mai lamba 480, wadda ta ba da damar sayar da wannan rara da rangwame ko ba da ita kyauta ga ƙasashe mabuƙata. Sunan dokar na asali ya ambaci bunƙasa cinikin amfanin gona kafin ya ambaci taimako. Daga baya aka laƙaba wa shirin sunan Abinci don Zaman Lafiya, shugaba Kenedi ya ba shi ofis na musamman a 1961, shekarar da ya kafa USAID. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda muke kira PAM, kuma Amurka ce ta zama babbar mai zuba mata kaya.

Dokokin shirin sun ɗaure shi da igiya biyu. Ta farko, abincin da za a ba da dole a saye shi a Amurka. Ta biyu, aƙalla rabinsa dole jiragen ruwan Amurka su ɗauko shi; a 1985 aka ɗaga wannan kaso zuwa 75 cikin ɗari, sai a 2012 aka mai da shi rabi. Ga ƙasa irin Nijar da ba ta da bakin teku, ma'anar wannan ita ce tafiya mai tsawo: daga tashar jirgin ruwa ta Amurka zuwa Kwatano, daga nan jirgin ƙasa zuwa Faraku, sannan manyan motoci su bi ta Gaya da Doso su miƙe gabas zuwa Maraɗi da Tasawa, sannan amalanke ko raƙumi su ƙarasa ƙauye. Tsakanin ranar da aka yi kukan yunwa da ranar da tiya ta shiga turmi, watanni ne suke wucewa. Ciki kuwa ba ya jiran jirgi.

Fari na 1973 da faɗuwar gwamnati

Ruwa ya soma ja da baya tun 1968, abin ya kai maƙura a 1973. Dabbobi suka faɗi ba adadi a arewa, makiyaya suka gangaro kudu, wasu suka taru a sansanin Lazare kusa da Yamai, wasu a bakin garin Maraɗi. Gwamnatin Diori Hamani ta riga ta kafa hukumar OPVN a 1970 don saye da ajiye cimaka, sai dai rumbunanta ba su kai girman bala'in ba. A wannan lokaci ne mutanen karkararmu suka fara sanin jar dawar Amurka, abincin da dattawa suke tunawa har yau da godiya haɗe da yatsina fuska.

Su kansu Amurkawa sun binciki aikinsu. A 1974 wasu masu bincike biyu, Hal Shits da Roja Moris, suka fitar da rahoto a ƙarƙashin gidauniyar Kanegi, inda suka nuna cewa hukumomin agaji sun daɗe da samun labarin farin amma ba su yi shiri ba, kuma dawar da aka aiko ba ta dace da cikin ƴaƴan makiyaya da suka saba da nono ba. A cikin gida kuma magana ta yi yawa cewa hatsin agaji yana ɓacewa tsakanin sito da ƙauye yana ɓullowa a kasuwa. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Laftanan-kanal Saini Kunce suka kifar da gwamnati, kuma cikin manyan hujjojin da suka kafa har da yadda aka yi wasa da abincin mayunwata. Tun ranar nan duk mai mulki a Nijar ya gane cewa kalmar yunwa tana iya cin kujera. Wannan tsoro zai dawo ya yi mana illa bayan shekara talatin.

Farin ya bar cibiyoyi a baya. Ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS a Wagadugu cikin Satumba 1973, aka buɗe cibiyar nazarin yanayi ta AGRHYMET a Yamai a 1974, ƙungiyar CARE ma a shekarar ta shigo ƙasar.

El Buhari da itacen gona

Daminar 1984 ta fi ta 1973 muni a wurare da yawa na jihar Maraɗi, musamman arewacin Mayahi da Urafan. Sunan da jama'a suka ba wannan yunwa darasi ne da kansa. Ba su kira ta da sunan rana ko iska ba, sai suka ce El Buhari, domin a watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya ta canza takardun naira, iyakar kuma ba ta buɗe ba sai a Maris 1986. Ga mutumin Baudeta ko Hawandawaki ko Korgom, wanda Katsina da Daura suka fi Yamai kusa da shi nesa ba kusa ba, rufe iyaka daidai yake da rufe rumbu na biyu. Can yake sayar da akuya da wake, can yake ci-rani, daga can masara da garin rogo suke shigowa. Talaka ya riga masana gane cewa yunwa ba rashin ruwa kaɗai ke kawo ta ba. Masanin tattalin arziki Amartiya Sen ya zo da irin wannan bayani a littafinsa na 1981, inda ya nuna cewa mutane suna iya mutuwa da yunwa alhali abinci yana kasuwa, in hanyar mallakarsa ta tsinke musu.

Agajin wannan karo ya fi na baya tsari. Mataimakin shugaban Amurka, Joj Bush babba, ya ziyarci Sudan da Nijar da Mali a Maris 1985, kuma a shekarar USAID ta kafa tsarin gargaɗin yunwa tun da wuri mai suna FEWS. Gwamnatin Kunce ta tura jama'a noman rani a fadamu da bakin rijiyoyi, aka yawaita ba da abinci a madadin aiki.

A nan ne wani abu ya faru da ya cancanci a tsaya a kansa. A Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, lokacin da dashen itatuwa na furoje yake ta mutuwa bayan an kashe masa kuɗi mai yawa. Wani ma'aikacin mishan ta SIM a Maraɗi, Toni Rinaudo ɗan ƙasar Ostareliya, ya lura cewa kututturan da manoma suke sarewa kowace shekara wajen sassabe suna da saiwa mai rai a ƙasa. In aka bar reshe ɗaya ko biyu aka gyara su, itace zai tashi ba tare da reno ko ban-ruwa ba. Da yunwa ta zo, aka sa barin tsiro cikin sharuɗɗan karɓar abinci a ƙauyuka kusan ɗari, aka tsare itatuwa wajen dubu 500. Da abincin ya ƙare, manoma suka sare kusan kashi biyu cikin uku.

Wanda ya tsaya nan zai ce aikin ya faɗi. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga itacen girki a bakin gona, ga harawar dabbobi, ga iska ta daina binne shuka, ga hatsi yana kyau a gindin gawo kamar yadda kakanni suka sani. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, ba wanda ya ba shi ko tiya ɗaya. Da hannun ma'aikatan gandun daji ya yi sauƙi, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai abin ya bazu. Shi ne sassaben zamani. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa ya kai eka ta Faransi miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Itacen da buhu ya tsare ya tafi tare da buhu. Wanda amfani ya tsare shi ne muke shan inuwarsa.

Shekarar 2005: hatsi a kasuwa, yara a asibiti

Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu yankuna. Giɓin cimaka na ƙasa bai wuce tan dubu 223 ba, abin da bai kai goma cikin ɗari na buƙata ba. Amma farashi ya tashi a Najeriya, hatsi ya riƙa bin kuɗi zuwa kudu, Mali da Burkina Faso suka tsuke fitar da nasu. Da bazarar 2005 buhun hatsi na kilo 100 ya haura jika 25, wasu wurare har 30, dabbobi kuma suka faɗi warwas. Wanda ya ci bashin a-ci-ba-daɗi a bara ya riga ya biya da hatsinsa tun kaka, yanzu yana sayen hatsin nan nasa ninki biyu ko uku.

Gwamnati da masu ba da agaji sun daɗe suna ƙin raba abinci kyauta, wai kada a ɓata kasuwa. Aka tsaya kan sayarwa da rangwame, jika 10 buhu, alhali wanda ya fi buƙata ba shi da ko dala. Shugaba Mamadu Tanja ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar, mai karatu kuma ya tuna da 1974 zai gane daga ina wannan musu ya samo asali. Kiran neman taimako da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a Mayu bai samu amsa ba sai da gidan talabijin na BBC ya nuna hotunan yaran Maraɗi a Yuli. Rabon kyauta ya fara a Agusta, ana dab da sabon hatsi. A shekarar, likitocin MSF sun yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani, mafi yawansu a jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa.

Wannan shekara ta tona abin da ya daɗe a ɓoye. Ƙidayar 2012 ta nuna Tasawa da Mayahi kowace ta haura mutum rabin miliyan. Gona ta tsuke, saura ta ɓace, gandu ya watse, magidanta da yawa ba sa noma abin da zai kai su wata shida ko da damina ta yi kyau. Tamowa ciwo ce ta kowace bazara, ba ta jiran fari. Buhun da zai taso daga bayan teku ba shi ne maganin wannan ba.

Daga buhu zuwa furoje

Masu ba da taimako sun ɗauki darasi. A 2007 CARE ta ba da sanarwar daina karɓar hatsin Amurka da ake sayarwa a kasuwannin ƙasashe matalauta don samun kuɗin aiki, tana cewa yana karya manoman gida. Daga 2008 dokokin Amurka suka fara sassauci, aka yarda a sayi wani kaso a yankin da ake buƙata ko a ba da kuɗi hannu. A shekarar ce ƙungiyar Save the Children ta gwada rabon kuɗi a gundumar Tasawa, inda gidaje 1,500 mafi talauci suka karɓi jika 20 sau uku cikin bazara. A 2010 gwamnatin Obama ta ƙaddamar da sabon shirin yaƙi da yunwa a duniya mai suna Ciyar da Gobe, wanda ya fi karkata ga noma, Nijar kuma ta shiga jerin ƙasashensa a 2017. Daga 2012 kuɗin Abinci don Zaman Lafiya suka ɗauki nauyin furoje na shekara biyar-biyar masu sunayen Hausa: Sauƙi, da Lahiya, da Tanadin Abincin Iyali wanda ƙungiyar CRS ta gudanar a Mayahi da Kance. Sun yi aikin iri da rijiyoyi da yaƙi da jahilci da lafiyar uwa da ɗa.

Cikin kayan aikin da duk waɗannan furoje suka dogara a kai akwai wani da aka haifa a nan. A 1991 CARE, da tallafin ƙasar Norwe, ta fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Ba a ba matan jari ba. Adashen da suka gada aka ɗauka aka ƙara masa akwati da doka da rance mai ɗan riba. Yau irin wannan asusu ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, kuma a ƙauyukanmu yana ci gaba da zama ranar da aka saba ko da motar furoje ta daina zuwa. Rumbun tsimi na ƙauye kuwa, inda aka cika shi da hatsin kyauta aka ɗora masa kwamiti daga sama, sau da yawa ya zama kango cikin shekara kaɗan. Inda mata suka riƙe mabuɗi suna ba da aro da bazara a biya da kaka, an fi ganin ɗorewa.

Kammalawa

Aƙalla sau uku siyasa ta taɓa wannan taimako a idon mutanen da suke raye. Bayan juyin mulkin Janairu 1996 Amurka ta dakatar da mafi yawan ayyukanta na raya ƙasa. Bayan na 26 ga Yuli 2023 ta sake yin haka, takunkumin CEDEAO kuma ya rufe iyakar Benin da ta Najeriya, motocin abincin agaji suka yi cirko-cirko a Malanbil. Na uku bai shafi abin da muka yi ko muka bari ba: a 20 ga Janairu 2025 shugaba Turam ya dakatar da taimakon waje, a Maris aka soke kashi 83 cikin ɗari na ayyukan USAID a duniya, har shafin gargaɗin yunwa na FEWS ya yi watanni a rufe. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ba butulci ba ne faɗin haka. Akwai malamai da likitoci da manoma a Tasawa da Mayahi waɗanda ba don jar dawar 1974 ko ta 1985 ba da ba su kai yau ba, kuma janyewar agaji kwatsam nauyi ne da zai faɗa kan yara ƙanana kafin kowa. Amma tarihin nan na shekara hamsin ya nuna inda ƙarfinmu yake: itacen gona da manomi ya tabbata nasa ne, asusun mata, rumbun da mabuɗinsa yake cikin gari, da iyakar kudu a buɗe. Hukuma ta gari ita ce wadda za ta tsare waɗannan, ta kuma iya furta kalmar yunwa da wuri ba tare da tsoron kujera ba.

Mu malamai da ƙungiyoyin al'adu muna da namu kaso. Littattafan tarihi na lakwal suna ba da shekarun fari a layi biyu, alhali a kowane ƙauye na Baudeta, Kona, Maijirgi ko Kanambakashe akwai tsofaffin da suka san sunan da garinsu ya ba kowace yunwa, da nawa aka sayar da tiya, da wa ya buɗe rumbunsa, da yadda ake jiƙa anza har ɗacinta ya fita. A tura ɗalibai da takarda da alƙalami su rubuto wannan da Hausa, kowane aji da garinsa, a tara a ajiye a ɗakin karatu. Waɗanda suka ga 1973 da wayonsu sun haura sittin yanzu, kuma kowace shekara muna raka wasu makwanci.